Saukar Laima a Gonar Auduga

Zafin rana ne ya sa ni shiga horon saukar laima, ba jarumtaka ba. Gara in faɗi wannan tun farko, domin a garinmu har yau akwai masu ba da labarin ta wata fuska.

A lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata makaranta a Sinja, kuma ina cikin hafsoshin ko-ta-kwana, wato mu da muka yi horon soja bayan gama karatu, aka liƙa mana tauraro ɗaya a kafaɗa, aka ce kowa ya koma bakin aikinsa sai an neme shi. Sau ɗaya a shekara ake tara mu, mu ciro kakin da ya shekara a akwati, mu yi 'yan makonni muna tuna yadda ake fareti. Tun kafin yaƙi ne wannan, lokacin da babbar damuwar irina a soja ita ce takalmi mai matse ƙafa.

Ran nan aka jera mu a fili tun hantsi, babban hafsan da zai duba mu bai iso ba sai da rana ta take tsaka. Ya zagaya mu, sannan ya tsaya ya tambaya da Larabci, harshen aikin gwamnati a ƙasarmu, wa ke son mazalla. To, a Larabcin da na tashi da shi, mazalla ita ce rumfar da ake fakewa a tasha ko a bakin asibiti. Can gefen filin kuwa akwai wata rumfar kwano da randuna biyu a ƙarƙashinta, tun safe idona na kanta. Kafin ya rufe baki hannuna na sama. Na yi mamaki da na ga 'yan tsiraru ne muka ɗaga, har na ce a raina mutanen nan akwai juriya. Sai babban hafsan ya tako ya dafa kafaɗata, ya ce ƙasa na alfahari da ni. Nan na fara zargin ba maganar rumfa ake yi ba. Ashe a bakin soja mazalla ita ce laimar sauka daga jirgin sama.

Aka ba mu kwana uku mu yi sallama da gida. Garinmu na Hausawa ne, a bakin kogi, kudu da Makwar, kuma na tarar da Inna a madafa tana suyar kisra, irin gurasar dawan nan mai faɗi marar kauri. Na zauna bisa turmi na ce mata an zaɓe ni zan koyi fita daga jirgin sama.

Ta ce, "In ya sauka?"

Na ce, "A'a, Inna, yana sama."

Ta ɗago kisrar daga kasko ta aje, ta dube ni. "Jirgin lalacewa za shi yi?"

"Lafiyarsa lau."

"Mai tuƙin hwa?"

"Shi zai ci gaba da tafiyarsa."

Sai ta rage murya ta ce, "To kai mi kay yi musu?"

Na yi bayani iyakar iyawata, amma har na bar gida tana ganin laifi na yi nake ɓoyewa. Ta cika mini gwangwani da dakuwa, ta ce in raba wa manyan, wataƙila su huce.

Sansanin horon yana can bayan gonakin Jazira, yankin noman auduga, fili ne fetal ba itace ko ɗaya. Mai horar da mu wani shawish ne, wato saje, ƙato, gashin bakinsa ya fara furfura. Matsalarsa da mu ɗaya ce: a muƙami mun fi shi, don haka dole ya sara mana kafin ya zage mu. Bai taɓa ƙetare wannan ƙa'ida ba. Sai ya ƙame, ya buga ƙafa, ya sara, ya ce, "Janabu, da izininka, kai jaki ne." Janabu shi ne yadda ake kiran hafsa don girmamawa. Ni ma in mayar masa da sarawar, ya sauke hannu, mu ci gaba.

Ranar farko aka ɗora mu bisa sikeli. Wanda ke gabana a layi likitan dabbobi ne daga Damazin, mutum mai fara'a da tumbi, wanda daga baya ya zama abokina. Da ya hau, sikelin ya yi ƙara. Da na hau, shawish ya duba, ya ce in sauka, ya bubbuga sikelin, ya ce in sake hawa. Sannan ya sara mini.

"Janabu, da izininka, sauranka yana ina?"

Na ce iyakata ke nan, haka zuriyarmu take.

Ya ce shi shekara da shekaru yana jefo mutane daga sama, kuma duk wanda ya jefo ya iso ƙasa, ba zai yarda in ɓata masa suna ba. Daga ran nan aka ninka mini abinci. Da safe kwano biyu na ful, wato dafaffen wake, da mai yana iyo a kai, da gurasa huɗu, shawish na tsaye a kaina har in suɗe. Likita kuma an rage masa nasa, yana gefena yana kallon kwanona kamar maraya. Ba a jima ba muka gano hanya: in shawish ya juya baya, kwano ɗaya ya zame ya koma gaban likita. Bayan mako biyu aka sake auna mu. Ni ina nan yadda nake, likita ya ƙaru. Shawish ya ce tun da yake bai taɓa ganin ful ya shiga cikin mutum ya fito a jikin maƙwabcinsa ba.

Horon kansa faɗuwa ce. Ka hau dakali, ka haɗa ƙafafu da gwiwoyi, ka diro cikin yashi, ka mirgina ta gefe, ka tashi, ka sake hawa. Mun faɗi ta dama, mun faɗi ta hagu, mun faɗi ta baya, har na fara mirginawa in na sauko daga tabarmar salla. Aka koya mana cewa igiyar laima tana maƙale da wata waya a cikin jirgi, kana fita ita za ta fizgo laimar ta buɗe. Kai naka shi ne ka ƙirga huɗu da ƙarfi, ka ɗaga kai ka duba ko ta buɗe. In iska ta ɗebe ka dama, ka ja maɗaurin hagu. In ta ɗebe ka hagu, ka ja na dama. Duk wannan na haddace shi, na ma rubuta a littafi na ja layi da jan biro.

Ranar tsalle na farko aka kwashe mu da sassafe. Shawish ya sa ni a gaban layi, dab da ƙofa. Ya ce ba don ƙwazona ba ne, so yake in riga kowa fita ko na iso tare da jama'a. Jirgi ya tashi, aka buɗe ƙofa, iska ta shigo tana dukan fuskata. Na leƙa ƙasa sau ɗaya. Ni da nake zana taswirar Jazira a allo kowace shekara, sai ga ta shimfiɗe a ƙarƙashina, gonaki a jere murabba'i-murabba'i, hanyoyin ruwa miƙe kamar an ja su da rula. Na so in tsaya in ƙare mata kallo, kamar na shekara guda haka.

Fitila ta canza launi. Shawish ya daka tsawa in fita. Zuciyata ta amsa, ƙafafuna suka ce ba da su ba. Ta gefen ido na ga hannunsa ya tashi ya sara, bakinsa ya motsa, na san "da izininka" ya ce. Sai na ji takalminsa a bayana.

An ce mu ƙirga da Larabci. Ni dai abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wayyo Inna!" sau huɗu, kuma ya yi daidai da lokacin, domin a na huɗun na ji an fizge ni sama kamar an ɗauki ɗan akuya ta wuya. Na ɗaga kai, ga laima ta buɗe, koriya, zagayayya. Ƙarar jirgi ta yi nisa. Shiru ya sauka, irin wanda ban taɓa ji ba, sai 'yar ƙarar igiyoyi.

Ina cikin jin daɗin wannan sai na ga likita ya zo wucewa ta gefena. Shi ne na shida a layi. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Sai ka iso!" ya yi ƙasa abinsa. Na bakwai ya wuce, na takwas ya wuce. Ina kallo laimomi suna taɓa ƙasa ɗaya bayan ɗaya suna kwanciya, mutane suna naɗe kayansu. Ni kuwa ina rataye, ina saukowa a hankali kamar gashin kaza. Sai wata iska ta taso ta fara tura ni gefe. Na tuna darasi sarai, amma a sama, ba allo ba bango, sai na rasa ina ne dama. Na tambayi kaina da wane hannu nake cin tuwo, na samo amsa, na ja maɗauri da ƙarfi. Ashe shi ne wanda bai kamata in ja ba.

Filin sauka ya wuce ta ƙarƙashina. Na ga wani ɗan mutum yana gudu yana ɗaga hannuwa biyu, daga baya na gane shawish ne. Na haye hanyar mota, na haye tur'a, wato babbar hanyar ruwan noma, na shiga saman gonakin auduga. Lokacin cira ne, gona ta yi fari fat, mata sun duƙa da buhuna ɗaure a ƙugu. Wata ta ɗaga kai ta ƙwalla ihu, sai gona ta watse, masu gudu na zubar da buhuna.

A bakin gonar akwai tulin audugar da aka tara tun safe. Na ce alhamdu lillahi, ga katifa. Na haɗa ƙafafu na nufe ta. Na kuskure ta da kamar taku biyu, na faɗa cikin ƙaramar hanyar ruwan da ke gefenta, taɓo har gwiwa. Kafin in miƙe iska ta sake cika laimar, ta fizgo ni daga taɓon, ta ja ni ta tsakiyar tulin audugar, ta fito da ni ta ɗaya gefen. Taɓo a ƙasa, auduga a sama. Na zama kamar tunkiyar da aka fara yi wa aski aka fasa.

Abin da ya tsayar da ni wata tsohuwa ce, ita kaɗai ba ta gudu ba. Ta taka bakin laimar, ta tattaro ta, ta zauna a kai daram. Sannan ta gyara mayafi ta gaishe ni da Larabci mai ladabi, ta yi mini barka da sauka lafiya, har da janabu. Na miƙe na gyara hula, na amsa mata da Larabci, da irin muryar da nake ganin ta dace da hafsa.

Sauran matan suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Tsohuwar ta juya wajen wata matashiya da nake jin surukarta ce, fuskarta ba ta canza ba, ta ce da Hausa, "Ke dubi ƙahwahu kamar na zalɓe. Gwamnati ta rasa wanda za ta jeho muna sai wanga."

Hausa ce irin ta gidanmu, tsantsa. Ashe ƙauyen Hausawa ne a kusa. Ya kamata in yi magana nan take, amma ina tsaye cikin taɓo da auduga, kuma tauraron kafaɗata shi kaɗai ya rage mini. Na ga in na amsa da Hausa, na tashi daga janabu na koma ɗan wani. Sai na yi shiru, na ɗaure fuska, ina kwance maɗaurai.

Surukar ta ce, "Wataƙila yunwa ta sa ya faɗo."

Wata ta ce, "A'a, iska ta ɗauko shi. Irin wanga ko shanya anka yi da shi sai an sa dutse."

Tsohuwar ta sake juyowa gare ni da Larabci, ta tambaya ko janabu zai sha shayi. Na ce na gode. Aka hura wuta a gefen gona. Tana murmushi tana kallona, hannunta kuma yana murza ƙyallen laimar tsakanin yatsu.

Ta ce da Hausa, "Kun ji laushi? Wanga ko sauro ba ya huda shi."

Nan fa aka buɗe shawara. Wata ta ce zai yi labule har na ɗaki uku. Wata ta ce rumfar biki. Surukar ta ce igiyoyin ma ba na yarwa ba ne, ga shanya ga ɗaurin akuya. Tsohuwar ta yanke hukunci: ba za a ɗauke duka ba, wannan sata ce. Kamu huɗu kawai za a yanka daga gefen da take zaune a kai, ladan audugar da na watsar, in an naɗe ba mai ganewa.

"Ni in riƙe shi da zance," in ji ta. "Ke ɗauko wuƙa cikin kwando. Ba ya jin komi, dubi idonai."

Ta miƙo mini shayi, ta fara tambayata da Larabci ko sama akwai sanyi. Ina amsawa, ina ganin surukar ta zagaya ta bayanta ta tsuguna. Na tuna gobe wani zai yi tsalle da wannan laimar, mai yiwuwa ni. Na tuna fuskar shawish. Na ji wuƙa ta taɓa ƙyalle.

Na ce, "Inna, don Allah don Annabi kar a yanka, kashe ni za a yi!"

Wuƙa ta faɗi. Wata ta saki salati. Surukar ta ja mayafi ta rufe fuska, waɗanda suka yi maganar shanya suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Tsohuwar kaɗai ba ta motsa ba. Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Ɗan wa kake?"

Na faɗi sunan garinmu, da na mahaifina, da na kakana. Ta tambayi sunan mahaifiyata, na sunkuyar da kai na faɗa. Sai ta tafa hannu. Ashe a garinmu aka haife ta, aure ne ya kawo ta Jazira, kuma tare da yayar Inna suka yi 'yan matanci. Ta ce har sunana ta halarta, ta ɗauke ni a hannu ta zaci zanen ne kawai aka miƙo mata.

Na yi tsammanin daga nan sai murna. Ina! Ta ce, "Kai ba ka da kunya? Kana tsaye uwayenka na zance, ka yi kunnen uwar shegu kana saurare? Haka anka koya maka?" Na ce ta yi haƙuri. Ta ce maganar ƙafafu dai ba ta janye ba. Sannan ta nuna tulin audugar da na watsa har cikin kunyoyi, ta ce wanda ya zubar shi ka kwashewa. Aka ɗaura mini buhu a ƙugu.

Haka motar sansani ta same ni bayan kusan awa guda, don sai da suka zagaya neman gadar da za su haye tur'a. Shawish ya diro, likita na biye da shi. Suka tarar da hafsan ko-ta-kwana duƙe yana tsince auduga daga taɓo, mata na nuna masa inda ya bari, laima kuma an naɗe ta tsaf kamar zanen gado, tsohuwa na zaune a kai. Likita ya koma bayan mota, ina jin shi yana tari.

Shawish ya ƙame ya sara. Ya buɗe baki ya ce, "Janabu, da izininka," sai tsohuwar ta katse shi da Larabci. Ta tambaye shi ko shi ne mai kula da ni. Ya ce shi ne. Ta ce to ya ji tsoron Allah, a ba shi ɗan mutane ya bar shi da yunwa har iska na yawo da shi a gonakin jama'a. Shawish ya rantse kwano biyu yake ba ni kullum. Ta dubi tumbin likita da ya leƙo daga bayan mota, ta ce ta ga inda kwanon ke zuwa. Shawish ya juya ya dubi likita, ya dube ni, ya gyaɗa kai a hankali.

Ba ta bar mu muka tafi ba sai da muka zauna a inuwar mota muka ci tuwon dawa da miyar kuɓewa da matan suka kawo don kansu. Shawish ya ci ya ƙara. Da za mu tashi ta tambaye shi, in laima ta tsufa ina ake kai ta. Ya ce kayan gwamnati ba sa tsufa. Ta ce haka ne, ta gani a jikin motar.

Sauran tsalle huɗun da horon ya tanada na yi su, da buhun yashi ɗaure a cikina, kuma daga ran nan likita a wani teburi daban yake cin abinci. Sau uku na sauka cikin fili, sau ɗaya a kan rufin makewayin sansani, amma wannan cikin shinge yake, don haka aka ƙirga shi. Aka liƙa mini ɗan fiffike a ƙirji.

Da na koma gida na tarar labari ya riga ni, direbobin lori sun kawo shi. A bakin masallaci cewa ake na hango 'yan'uwa daga sama na sauka in gaishe su, har wani dattijo ya yaba mini da riƙon zumunci. Ban gyara masa ba.

Da kaka ta zagayo sai ga saƙo daga tsohuwar, ta bakin wani mai lori: riɗinta ya isa yanka kuma hannu ya yi ƙaranci, in akwai jirgin da zai bi ta wajen, a jeho ni. Hutun makaranta ne, sai na shirya na tafi, da buhun busasshen kifi daga Inna. Na sauka daga lori a bakin hanya, na taka har ƙofar gidanta na yi sallama. Ta fito ta amshi kifin, ta dube ni, ta leƙa bayana.

Ta ce, "Ƙyallen hwa?"

Na ce da mota na zo.

Ta ce, "To, shigo dai," ta miƙo mini lauje.